Yadda Ake Zaɓar Irin Yogar Da Ta Dace Da Jikinka

Da yawa daga masu fara yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi, bidiyo ne ke jawo su. Sun ga wani ya kafa kai a ƙasa, ƙafafu sama, sai su ce su ma haka za su yi. Kafin mako biyu wuya ya riƙe, an naɗe tabarma an ajiye. Ba yogar ce ba ta karɓe su ba, irin da suka ɗauka ne bai dace da su ba.

Mataki na farko, ka san abin da ya kawo ka. Gumi kake so da ƙarfin jiki? Ko bayanka ne ya sandare saboda yawan zama? Ko barci ne ke gagararka? Zaɓi ɗaya tukuna. Mai neman komai a lokaci guda yakan tashi a tutar babu.

Na biyu, ka haɗa buƙatar da irin da ke biyanta. In sabon shiga ne kai, nemi ajin da aka rubuta wa Hatha: a hankali ake tafiya, a tsaya a kowane tsayi, wato yanayin da ake ajiye jiki, na ɗan numfashi kaɗan. Mai son gumi kuwa, Vinyasa ce tasa, inda ake wucewa daga wannan tsayi zuwa wancan tare da shaƙa da fesar da numfashi, ba tsayawa. Ashtanga, wadda Pattabhi Jois ya koyar a birnin Maisur na Indiya, ta fi ta tsauri, don jeri ɗaya ake maimaitawa kullum, numfashi biyar a kowane tsayi. Mai son tsari zai ji daɗinta, mai saurin gundura zai gudu.

Wadda na fi ba mai ciwon gwiwa ko ƙugu shawara ita ce Iyengar. Sunan malaminta ta ci, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95. A nan babu kunyar kasa kai hannu ƙasa: za a sa maka ɗan katako ka dafa, ko madauri ka jawo ƙafa, ko kujera ka jingina. Malami zai iya ɗaukar minti biyar yana gyara yadda ka aza tafin ƙafa kawai. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, amma wannan gyaran ne ke hana rauni.

Don gajiya da rashin barci, gwada Yin. A ƙasa ake yinta, a zauna a tsayi ɗaya minti 3 zuwa 5 har jijiyoyi su saki.

Na uku, ka duba lafiyarka kafin ka biya kuɗin aji. Misali, yogar Bikram ana yinta ne a ɗaki mai zafin kusan digiri 40 a ma'aunin Celsius, tsayi 26 cikin minti 90, don haka mai juna biyu da mai ciwon zuciya su nisance ta. Mai hawan jini ko cutar ido ta gilakoma ya guji duk tsayin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji, sai in likita ya amince.

Na huɗu, ka tambayi abin da ake yi a ajin ban da motsa jiki. Wasu azuzuwan, musamman na Kundalini, suna rera kalmomin ibada masu tushe a addinan Indiya. Wasu kuwa miƙe jiki ne da numfashi zalla. Tambaya tun farko ta fi ka tashi ana tsakiyar darasi.

Sai gwaji. Je aji uku kafin ka yanke hukunci, kuma ka sa ido a kan malamin fiye da sunan yogar. Ya tambaye ka ko kana da tsohon rauni? Yana nuna hanya mai sauƙi ga wanda ya kasa? Tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Amma in ka ji suka a gwiwa ko gadon baya, malamin kuma ya ce ka daure, naɗe tabarmarka ka nemi wani.