Darasi na Bakwai: Zaɓen Haruffa don Allon Shago

Duk wanda ya bi ta Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da ke garin Bauchi a cikin Keke Napep ya san cewa ba a tsayawa a karanta allon shago. Kallo ɗaya ake yi masa, a wuce. Saboda haka, idan ɗalibi ya je wurin mai buga bana, wato allon talla, kada ya bar zaɓen salon haruffa a hannun yaron da ke kan kwamfuta shi kaɗai.

Haruffan boko iri biyu ne a taƙaice. Akwai masu ɗan ƙafa a ƙarshen kowane layi, irin waɗanda ake gani a littattafai da yawa, akwai kuma marasa ƙafa. Daga cikin marasa ƙafar akwai waɗanda aka gina su a kan da'ira da miƙaƙƙen layi, har harafin O ya fito kamar bakin faifai. Mafi shahara a cikinsu shi ne Futura, wanda Paul Renner ya zana, aka fitar da shi a Jamus a 1927. Daga baya aka samu Gotham, wanda Barack Obama ya yi amfani da shi a fastocin yaƙin neman zaɓensa na 2008 a Amurka, da Montserrat, wanda ake saukewa kyauta a intanet. Idan aka zaɓi mai kaurinsu, rubutu yakan fito ƙarara daga nesa, ko da ƙurar hunturu ta lulluɓe allon.

Sai dai akwai abu biyu da mai rubuta Hausa zai lura da su. Na farko, ƙaramin harafin a na Futura da'ira ce kawai da sanda a gefe, daga nesa yana kama da o, kuma kowa ya san yadda harafin a ya cika kalmominmu. A ganina, gara a rubuta sunan shago da manyan baƙaƙe idan wannan salon aka zaɓa.

Na biyu shi ne ya fi damuna. Yawancin waɗannan haruffa an zana su ne don harsunan Turai, ba kowannensu ne ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Na taɓa ganin wani allo mai kyau, fari a kan shuɗi, an kashe masa kuɗi, amma an rubuta MASAUKIN BAKI, alhali BAƘI mai wurin yake nufi. Wani lokaci kuma kwamfuta takan aro harafin daga wani salo daban, sai ka ga Ɗ siririya tsaye a tsakiyar haruffa masu kauri, kamar bare a cikin dangi. Kafin a biya kuɗi, sai a ce wa mai bugawa: "Malam, don Allah rubuta mini ƊINKI da ƘWAI da ƁAWO in gani." Idan ƙugiyoyin suka fito da kauri ɗaya da sauran, salon ya yi, idan ba su fito ba, a sauya wani.

Kalmomi kuma kada su yi yawa: sunan shago, da abin da ake sayarwa, da lambar waya sun isa.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta sunan sana'arsa da manyan baƙaƙe masu kauri a kan kwali, ya jingina shi a bango, ya ja da baya taku ashirin, sannan ya sa abokin karatunsa ya karanta masa da ƙarfi.