Darasi Na Tara: Ƙirga Bugun Zuciya Bayan An Buɗe Jijiya

Zuciya tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Idan kitse ya toshe ɗaya, likita yakan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko ta matsematsi, ya hura ɗan balan-balan a wurin, ya bar 'yar ragar ƙarfe mai suna sitent don kada jijiyar ta sake tsukewa. Tun 1977 ake aikin balan-balan ɗin, sitent kuwa sai 1986 aka fara sa shi.

Lafiyayyar zuciya kamar luguden mata take, taɓarya na bin taɓarya. Bayan aikin, luguden yakan rikice, musamman kwana ɗaya ko biyu na farko. Wani rikicin yakan wuce da kansa. Mai saurin tsiya, da magani ake kwantar da shi, ko da na'urar lantarki a ƙirji. Mai nawa sosai, akan sa wa mutum batirin zuciya. Wanda ya fi damuna shi ne bugun da ba tsari, don yakan sa jini ya yi guda a zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Masu shi ana ba su maganin tsinka jini.

To, an sallami Baba ya dawo ƙauye, babu likita kusa. Ke ce idonsa.

"Baba, kawo hannunka."

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasan babban yatsa. Kada ki sa babban yatsanki, shi ma yana da nasa bugun. Dubi agogon waya, ki ƙirga minti guda cur. Babban mutum yana hutawa, daga 60 zuwa 100 ne daidai, ko da yake wasu magungunan zuciya sukan rage shi kaɗan.

Idan ya ce gabansa na faɗuwa, ga jiri, ga haki, ko ƙirji ya riƙe, ko ya suma, ba lokacin jiƙo ba ne, ba kuma na kemis ba. A nemi mota a tafi asibiti mafi kusa, da takardunsa da ledar magungunansa. Can za a yi gwajin ECG, wato na'urar da ke zana yadda zuciya ke bugawa, in ta kama a tura shi Asibitin Malam Aminu Kano.

Asfirin da kulofidogirel kuwa, magungunan da ke hana jini yin guda a sitent, kada ya daina don ya ji sauƙi. Sitent na iya toshewa. Taba ya bar ta, goro ya rage. Azumi sai ya tambayi likita.

Aikin gida: ƙirga bugun mutum uku a gidanku, ki rubuta lambar kowa da ranar a littafinki.