Yadda Ake Toshe Kafofin Tayil na Jan Yumɓu da Kula da Shi

Tayil na jan yumɓu ana gasa shi ne a zafin da ya kai kusan digiri 1000 na ma'aunin Celsius, ba tare da an shafa masa ruwan gilashi ba, shi ya sa yake shan ruwa kamar yadda sabuwar randa take tsattsafo. Idan manja ya ɗiga a kansa kafin a toshe ƙananan kafofin da ke jikinsa, tabon ya zauna ke nan.

Bayan an shimfiɗa shi, a bar shi ya bushe sarai, domin danshin da aka rufe a ciki yana fitowa daga baya a matsayin farin gishiri. Sai a share ƙura, a shafa dafaffen man linsid (man da ake matsowa daga irin wata shuka mai suna flax) da buroshi don toshe kafofin, tun kafin a cike tsakanin tayil da siminti, in ba haka ba simintin zai ɓata fuskarsa. Bayan kamar minti 20, a goge man da bai shige ba, saboda ragowarsa tana yin danƙo. A maimaita har sai ɗigon ruwa ya tsaya a kai bai nutse ba, sannan a bi da kakin zuma a goge. Man yana ƙara wa launin duhu, don haka ya kyautu a fara gwadawa a lungu.

Tsumman da ya jiƙe da wannan mai yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi, saboda haka a tsoma shi cikin ruwa.

Wajen wanki, ruwa kaɗan da sabulu mai sauƙi sun wadatar. Ruwan tsami da bilic suna cinye kakin, wanda ake sabuntawa sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman a bakin ƙofa.