Yadda na shawo kan matsalar 74HC148

Na haɗa maɓallai 8 (daga 0 zuwa 7) da 74HC148, wato ƙaramin IC (chip na lantarki) da ke mayar da lambar maɓallin da aka danna zuwa lambar binary mai gurbi uku (0 ko 1), sai fitilu ukun da na sa a ƙafafun fitarsa suka riƙa nuna lamba a juye, in na danna 7 duka ukun su mutu. Ashe shi wannan IC ɗin da 0 (wato ƙarfin wuta a ƙasa) yake aiki, shiga da fita duka, shi ya sa 7 ke fitowa 000. Sai na sa 74HC04, IC mai mayar da 0 zuwa 1 da 1 zuwa 0, ya juya ƙafafun fita, EI kuma, ƙafar da ke kunna 74HC148 ɗin, na kai ta GND (ground, wato 0V).

Maɓalli na 0 ne ya fi wahalar da ni wallahi, danna shi da rashin danna komai duk abu ɗaya suke nunawa, sai wata ƙafar fita ta 74HC148 mai suna GS ce ta raba gardama don tana sauka 0 da zarar an danna wani. Yanzu in na danna 3 da 6 tare, 6 ke fitowa, babba ke danne ƙarami.