Walimar abincin Tailan a gida: inda masu koyo suke tafka kuskure

Duk wadda ta turo mini jerin abincin Tailan da take shirin yi wa baƙi, tun kafin in duba na san abin da zan tarar: pad thai a sama, miyar koren kori a ƙasansa, sai miyar tom kha, a rufe da shinkafa da mangwaro. Kowanne da daɗinsa. Tara su a dare ɗaya ne matsalar, kuma na gaji da maimaita wa mutane ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da pad thai, don shi ya fi cin mutuncin masu girki. A Bankok abincin bakin titi ne, mai saida shi yana soya faranti ɗaya ko biyu a lokaci guda, a kan wuta mai ruri, ya miƙa wa mai saye nan take. Ba don taron gida aka tsara shi ba. Taliyar shinkafa ce, tana son kasko mai tsananin zafi da filin juyawa. Murhun gas na gida ba shi da wannan ƙarfin. Da zarar kin zuba ta mutum takwas, kaskon ya huce, ruwa ya fito, suya ta koma dahuwa. Na taɓa yi wa dangin maigida, har da surukata a zaune. Taliyar ta cure wuri guda kamar tuwon da ya kwana, ƙwan ya manne a gindin kasko, ni kuma ina kicin ina zufa har aka kira isha'i, ban zauna da kowa ba. Tun daga ranar, in baƙi sun wuce huɗu, ba na sa shi a lissafi. In kin nace, ki jiƙa taliyar a ruwan da bai yi zafi ba har ta lanƙwasu, kada ki tafasa ta. Ki haɗa ruwan tsamiya da sukari da nam pla, ruwan kifin nan mai gishiri, tun da rana, sannan ki soya bibbiyu. Amma ki sani kin zaɓi kicin a kan baƙinki.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin rashin tunani ne zalla. Koren kori madarar kwakwa ne, tom kha madarar kwakwa, kayan zaƙin ma madarar kwakwa. Haba 'yar'uwa! Kafin a kai rabi kowa ya gundura, cikinsa ya yi nauyi. Mutanen Tailan suna jera komai lokaci guda a tsakiya, shinkafa ce uwa, sauran kuma kowanne da aikinsa: wannan mai maiƙo, wancan mai tsami, ɗaya mai yaji, ɗaya salam-salam don baki ya huta. Miyar ma ba a gabatar da ita ita kaɗai da farko irin na Turawa, ana kurɓarta ne tsakanin loma da loma. Ni dokata, kwakwa sau ɗaya kafin kayan zaƙi. In na yi kori, miyar ta zama tom yum mai ruwa-ruwa, marar kwakwa. Sai som tam na ɗanyar gwanda da ake ɗan daka shi a turmi, sai soyayyen ganye da tafarnuwa wanda ko barkono ba na sa masa. Wannan na ƙarshen shi yara da tsofaffi suke cinyewa.

Korin da nake zaɓa wa taro kusan kullum massaman ne. Asalinsa girkin Musulmi ne a can, da naman sa ko kaza ake yinsa, da dankalin turawa da gyaɗa da kirfa, yajinsa kaɗan. Ana iya dafa shi tun jiya, har ya fi daɗi in ya kwana. Ki tsara yadda abu ɗaya tak ne zai nemi wuta bayan baƙi sun yi sallama.

Shinkafar fa? Wadda muka saba kira 'yar Tailan a kasuwanninmu galibi turarriya ce, mai warwara, ta dafa-duka. Ba ita suke ci da kori ba. Ki nemi hom mali, wadda ake rubuta wa jasmine a buhu, ki rage mata ruwa: kofi ɗaya da kwata ga kofin shinkafa ya isa. Ta mangwaro kuwa wata iri ce daban, mai danƙo, a jiƙa ta ta kwana, a turara. Ki jiƙa ta da daddare, ba bayan la'asar ba.

Wasu suna ɗauka attaruhu da yawa shi ne alamar an iya. Ƙamshin attaruhu ma daban yake da na ƙananan barkonon Tailan, yana danne komai. Ki sassauta a tukunya, ki yanka barkono a ɗan kwano da nam pla da lemun tsami, mai so ya ƙara da kansa. Haka suke yi a can.

Lemun tsami bayan an sauke tukunya ake matsa shi, in ya tafasa ɗaci yake yi. Citta ba ta maye gurbin galangal, saiwar nan tasu mai kama da ita, in babu gara ki canza miyar. Garin kori na leda ba shi ne niƙaƙƙen haɗin korinsu ba, shi kuma wannan haɗin sai an soya shi a kaurin madarar kwakwa har mai ya taso. Dunƙulen magi ki ajiye shi, nam pla ya riga ya yi aikinsa. Sukarinsu na giginya ko kwakwa in ya gagara, mazarƙwaila nake sawa, yalo kuma yana tsayawa a madadin ɗan gautansu ba laifi.

Abu ɗaya ba wasa a cikinsa. Yawancin haɗin korin gwangwani akwai niƙaƙƙen jatan lande a ciki, som tam da massaman kuma akwai gyaɗa, kuma akwai mutanen da ɗayan biyun nan kan kai su asibiti. Ki tambaya tun lokacin gayyata. Ki karanta jikin kwalba, ki nemi tambarin halal, kayan Tailan da yawa suna da shi. Girke-girken intanet da suka ce naman alade, niƙaƙƙiyar kaza tana zama daidai.

Wajen jera tebur, cokali da cokali mai yatsu za ki ajiye, sandunan cin abincin nan na taliya ne kawai. Kuma ki faɗa wa baƙi cewa karan ciyawar lemo da galangal da ganyen lemun da ke yawo a tom yum na ƙamshi ne, a ture su gefe. In ba ki faɗa ba, babban baƙo zai yi ta taunar kara saboda kunya.