Yadda zaka gane hoton ɗan wasan kabuki na asali da na kwafi kafin ka biya kuɗi

Idan aka miƙo maka irin hotunan nan na Japan masu ɗan wasan kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na ƙasar, ido a karkace baki a murguɗe, kada ka tsaya kallon gaban tukuna, juya takardar ka duba bayanta. In a intanet ne ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton bayan, da ya fara kame-kame to akwai lauje cikin naɗi.

Dalilin yana cikin yadda ake yinsu. Japanawa suna ce musu yakusha-e, kuma bugu ne ba zanen buroshi ba. Mai zane ya zana, a manna zanen a kan katakon itacen ceri, masassaƙi ya sassaƙe ko'ina ya bar layukan kawai, sannan kowace kala da nata katakon daban, mai bugu ya shafa kala ya ɗora takarda ya dinga murza bayanta da wani ɗan faifai da suke kira baren har kalar ta shige cikin takardar. Shi yasa a bayan bugun hannu zaka ga kala ta ɗan ɓullo, wani lokaci har da sawun murzar a zagaye a zagaye, kuma in ka shafa yatsa a hankali zaka ji layukan sun ɗan lotsa. Na inji kuwa bayansa fari fat, ba komai. Ka sa gilashin ƙara girma a kan kalar, in ka ga ɗigo-ɗigo ƙanana a jere to firinta ce ta yi shi, magana ta ƙare.

Wanda aka kwafa da buroshi shi ma ba wuyar ganewa. Sawun gashin buroshi yana nan, fenti ya taru a wani gefen ya yi sirara a wani, layin baki yana kauri yana sirancewa yadda hannu ya ga dama. Ni ban ga laifinsa ba fa, wani yana da kyau sosai a bango, kawai dai kar a sayar maka shi da sunan na asali ne na zamanin Edo, wato Japan ta da can. Sai dai a nan akwai wurin da mutum zai iya ruɗewa, don kafin 1765 lokacin da bugu mai kala da yawa ya shigo, an yi lokacin da layin baki ake bugawa da katako sannan a cike kalar da hannu, haka masu zanen gidan Torii, wata zuriyar masu zana 'yan kabuki, suka yi ta yi da farko. Wato kalar hannu a kan layin katako ba ta nufin jabu ne. Amma irin waɗannan sun yi ƙaranci matuƙa, galibi suna gidajen tarihi, ba abin da zaka tsinta a arha bane.

Inda aikin yake shine kwafin da aka sake sassaƙa sabon katako aka buga da hannu, don shi bayansa ma zai nuna sawun baren. Akwai gidan Adachi a Tokyo da suke wannan sana'a tun 1928, kuma su basa ɓoyewa, kwafi suke ce masa. A nan sai ka koma kan takarda da kala. Hoton da ya shekara ɗari biyu takardarsa ta yi laushi ta ɗan dafe, shuɗi da shunayya na tsirrai da ake amfani dasu a da sun koɗe sun koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, wani ma da ɗan ramin da ƙwaro ya ci. In ka ga komai sabo dal kala na walƙiya kuma an ce maka na 1794 ne, to ka ja da baya. Ka auna girman ma, wanda aka fi yi shine oban, wajen santimita 25 da 38, kwafi da yawa sun fi haka ƙanƙanta.

Sai sunan mai zanen, wannan kaɗai yana rage maka rabin wahala. Sharaku, mai hoton nan na ɗan wasa Otani Oniji da ya baje yatsu kamar zai shaƙe mutum, wata goma kacal ya yi yana aiki tsakanin 1794 da 1795, hotuna wajen 140 ya bari sai ya ɓace. Duk wanda ya ce ga Sharaku na asali a kuɗi kaɗan wallahi kwafi ne, kar ma ka ɓata lokaci. Amma Kunisada da ya rasu 1865 dubbai ya zana kuma an buga su da yawa, nasa na asali ana samu ba tsada can ba, in kana son na gaske to daga nan zaka fara.

Duba ƙananan hatimai a gefe, akwai na mai bugawa, akwai na hukumar tantancewa da aka fara sawa daga 1790, masu sana'ar da su suke gane shekara. Tambarin da ke jikin rigar ɗan wasan kuma shi ke faɗa maka waye, murabba'i uku ɗaya cikin ɗaya na zuriyar 'yan wasa ta Ichikawa Danjuro ne. Af, in ka ga mace a hoton namiji ne fa, tun 1629 aka hana mata hawa dandalin kabuki.

Da ka saya kar ka rataye inda rana ke dukansa, kalar tafiya zata yi. Banda salatef, banda gam, banda lamineshan, ka sa shi tsakanin takarda marar asid a wuri busasshe, in zaka sa a firam kuma kar gilashin ya taɓa fuskar hoton.