Yadda ake gano abin da ya hana slurmdbd tashi a gungun kwamfutoci

A gungun kwamfutocin da ke aiki da Slurm, tsarin da ke rarraba ayyuka ga injinan gungun, manhajar slurmdbd ce ke karɓar bayanan kowane aiki da aka gudanar, wato wanda ya aiko shi da tsawon lokacin da ya ɗauka da yawan injinan da ya ci, ta ajiye su a rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB. A nan Yamai, inda ɗaukewar wutar lantarki ke yawaita daga watan Maris zuwa Mayu, an fi gamuwa da matsalarta bayan wuta ta dawo: komai ya kunna, amma umarnin sacct, wanda ke nuna bayanan ayyukan, ya ƙi ba da amsa. Maimaita systemctl restart ba ya warkar da komai, domin slurmdbd ta dogara ne a kan wasu abubuwa da ke ƙarƙashinta, kuma a can laifin yake sau da yawa.

Kafin a taɓa komai, mai kula da gungun ya kwantar da hankalinsa. Muddin slurmctld, babbar manhajar Slurm da ke tsara ayyuka, tana aiki, ayyukan masu bincike suna ci gaba da gudana, kuma tana tara bayanan lissafi a wurinta har slurmdbd ta dawo ta miƙa mata. Wannan ajiya tana da iyaka, amma tana ba da sararin yin bincike cikin natsuwa.

Matakin farko shi ne a ji ta bakin manhajar kanta. Umarnin journalctl -u slurmdbd yana nuna abin da systemd, mai kunna manhajojin injin, ya gani, sai dai abin da ya fi amfani shi ne a dakatar da ita, sannan a tashe ta da hannu da slurmdbd -D -vvv, domin ta rubuta duk abin da take yi a kan allo. A nemi kuskuren farko, ba na ƙarshe ba, saboda layukan da ke biyo baya galibi sakamakonsa ne kawai.

Idan saƙon ya ambaci izinin slurmdbd.conf, gyaran mai sauƙi ne. Tun daga sigar 20.11, manhajar ba ta yarda ta tashi sai fayil ɗin yana da izini mai tsauri irin 600, wato mai shi kaɗai ke iya karantawa da rubutawa, kuma mallakin wanda aka rubuta a SlurmUser ne, domin kalmar sirrin rumbun bayanai tana ciki. A duba kuma jakunkunan da LogFile da PidFile ke nunawa, musamman idan suna ƙarƙashin /run, wanda ake sharewa duk lokacin da aka sake kunna inji.

Daga nan sai MUNGE, wadda ke tabbatar da cewa saƙonnin da ke yawo tsakanin injinan na gida ne. Dole fayil ɗin munge.key ya zama iri ɗaya a kowane inji, kuma munge -n | unmunge zai nuna ko tana da lafiya. Abin da ya fi ruɗa mutane a nan shi ne agogo. Shaidar da MUNGE ke bayarwa tana ƙarewa bayan daƙiƙa 300, don haka idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon wani inji ya mutu, injin ya tashi da kwanan watan da ya daɗe da wucewa, za a ga saƙon Expired credential ko Rewound credential alhali mabuɗin lafiyarsa ƙalau. A kwatanta abin da date ya bayar a injina biyu, a daidaita su da chrony, manhajar daidaita agogo, kuma ya fi kyau a ce akwai inji ɗaya a cikin gida da sauran ke karɓar lokaci daga wurinsa, tunda intanet ba lallai ya dawo tare da wuta ba.

Rumbun bayanai ne ke cin mafi yawan lokacin bincike. Bayan mutuwar inji ba zato, InnoDB, ɓangaren rumbun da ke adana teburan bayanai, tana tsayawa ta gyara abin da ya katse kafin ta karɓi kowa, kuma idan rumbun yana kan wani inji dabam, systemd ba zai jira shi ba. A tabbatar MariaDB ta tashi, sannan a gwada shiga da hannu da sunan da ke StorageUser da kalmar da ke StoragePass, daga injin da slurmdbd take. Izinin da aka ba asusun slurm a localhost, wato kan injin rumbun kansa, ba zai yi aiki ba idan haɗin ya fito daga wani inji ta ƙofa 3306, inda rumbun ke sauraro. Akwai kuma wani tarko da ake yawan faɗawa: ba a yarda da alamar # a cikin kalmar sirrin ba, domin ana ɗaukar abin da ya biyo bayanta a matsayin sharhi.

Idan matsalar ta fara ne bayan sabunta Slurm, a yi hattara ƙwarai. Ana sabunta slurmdbd kafin slurmctld, kuma a tashinta na farko tana sauya tsarin teburan slurm_acct_db, aikin da kan ɗauki dogon lokaci idan bayanai sun yi yawa. Wanda ya ga shiru ya kashe ta a tsakiyar wannan aiki yana iya lalata rumbun. A ɗauki kwafin rumbun da mysqldump tukuna, a tashi slurmdbd da hannu, kuma kada a fara sai an tabbatar batirin ajiya da janareta za su riƙe.

Idan ta tashi, ss -ltn zai nuna tana sauraro a ƙofa 6819. Sai a tabbatar AccountingStorageHost a slurm.conf yana nuna injin da ya dace, a gudanar da sacctmgr show cluster a ga sunan gungun, sannan a duba sdiag ko bayanan da slurmctld ta tara sun fara raguwa.